Darasinmu Na Wannan Fitowa: Yadda Indonesiya Ke Zaɓen Gwamnoni Da Shugabannin Yankuna A Rana Ɗaya

Duk wadda Allah Ya nufa da zuwa aikin Hajji a cikinmu ta ga alhazan Indonesiya, waɗannan da ke tafiya a jere cikin natsuwa, kowa da kayansa iri ɗaya. To yau ƙasarsu za mu leƙa, mu ga yadda suke zaɓen shugabannin da suka fi kusa da talaka, domin akwai abin koyi a ciki, akwai kuma abin gudu.

Wace ƙasa ce?

Indonesiya tarin tsibirai ce sama da 17,000, kuma ƙidayar shekarar 2020 ta nuna mutanenta sun haura miliyan 270, galibinsu Musulmi. An raba ta zuwa larduna 38, kowanne da gwamnansa. Ƙarƙashin lardi akwai gundumomi da birane. Shugaban gunduma suna ce masa bupati, na birni kuwa wali kota, wato magajin gari. Ki lura da kyau 'yar'uwa, asibitin unguwa da makarantar firamare da kasuwa da ruwan famfo da titunan cikin gari, akasari a hannun waɗannan shugabanni suke. Ke nan wanda zaɓensa ya fi shafar mai ciki da mai goyo ba lalle sai shugaban ƙasa ba.

Yadda abin ya faro

A zamanin Shugaba Suharto, wanda ya sauka a watan Mayun 1998 bayan kimanin shekara 32 yana mulki, talaka ba shi da ta cewa a kan wanda zai zama gwamnansa. Bayan saukarsa ma 'yan majalisar yanki ne ke zaɓa, sai aka yi ta kukan cewa masu kuɗi na saye 'yan majalisar. Dokar da aka yi a 2004 ita ta miƙa zaɓen ga jama'a, aka fara a watan Yunin 2005 a gundumar Kutai Kartanegara. A 2014 majalisar ƙasa ta maido da tsohon tsari, amma jama'a suka yi ca, Shugaba Yudhoyono ya soke dokar cikin 'yan kwanaki.

Da farko kowane yanki da ranar zaɓensa, kusan kullum ana zaɓe a wani wuri. Sai aka fara haɗe su rukuni-rukuni: yankuna 269 a 2015, 101 a 2017, 171 a 2018, sai 270 a 2020. Ranar 27 ga Nuwamban 2024 aka yi gaba ɗaya a karon farko: larduna 37, gundumomi 415, birane 93, jimilla 545. Lardin da ya rage shi ne Yogyakarta, inda doka ta ce Sarkin garin ne gwamna. Masu rajista sun haura miliyan 203, kuma mata sun ɗan fi maza yawa.

Ranar zaɓe

Mai shekara 17 yana da ƙuri'a, haka ma wanda ya riga ya yi aure ko da bai kai 17 ba. Soja da ɗan sanda da ke bakin aiki ba sa zaɓe. Ana buɗe rumfa ƙarfe 7 na safe, a rufe ƙarfe 1 na rana. Ba dangwala yatsa ake yi ba, ƙusa ake ba mutum ya huda hoton waɗanda yake so, domin ɗan takara da mataimakinsa tare suke fitowa. In ya gama sai ya tsoma yatsa a tawada. Daga nan a ƙirga ƙuri'u a rumfar, ana ɗaga kowace takarda sama a gaban jama'a da wakilan 'yan takara. Wanda ya fi yawan ƙuri'a shi ya ci, ban da a Jakarta inda dole sai an haura rabi. Wa'adi shekara 5 ne, sau biyu kawai. Wanda bai gamsu ba ya nufi Kotun Tsarin Mulki, wadda a Fabrairun 2025 ta umarci a sake zaɓe a yankuna 24.

Akwatin da babu kowa

Ga wani abu mai ban sha'awa. Idan jam'iyyu suka haɗa baki suka tsai da mutum ɗaya tilo, ba a cewa ya ci babu hamayya. Sai a sa hotonsa a gefe ɗaya, ɗaya gefen a bar shi fayau, kuma dole ya samu fiye da rabin ƙuri'u. A birnin Makassar a 2018 wannan fili fayau shi ya yi nasara. A 2024 ma, daga yankuna 37 da aka samu ɗan takara tilo, jama'ar Pangkalpinang da Bangka sun ce ba sa so, aka sake musu zaɓe a 2025.

Ina mata suke?

Lardin Jawa ta Gabas yana da mutane kimanin miliyan 40, kuma a 2024 duk 'yan takarar gwamnansa uku mata ne: Khofifah Indar Parawansa, Tri Rismaharini da Luluk Nur Hamidah. Khofifah ce ta yi nasara. Ki dubi tarihinta: ta shugabanci Muslimat NU, reshen mata na ƙungiyar Nahdlatul Ulama, tun daga shekarar 2000 har sama da shekara 20. Ta nemi gwamna a 2008 ta faɗi, ta sake a 2013 ta faɗi, sai a 2018 ta samu. Ita kuwa Tri Rismaharini ta riƙe birnin Surabaya daga 2010 zuwa 2020, aka san ta da tsabtace gari da gyaran wuraren shaƙatawa.

Ƙarfin irin waɗannan mata daga ƙungiya ya fito. Aisyiyah, ta matan Muhammadiyah, an kafa ta tun 1917, Muslimat NU kuma a 1946. Majalisun karatu da makarantun yara da asibitocin haihuwa da suke gudanarwa su suka sa ɗan takara ba ya iya wuce su. Duk da haka, in aka duba ƙasar baki ɗaya, mata 'yan kaɗan ne a cikin waɗanda aka zaɓa.

Inda gizo ke saƙa

Kada mu zaci komai lafiya lau. Suna da abin da suke kira serangan fajar, ma'ana harin asuba: yaran ɗan takara su bi gida-gida da sassafe ranar zaɓe da ambulan ɗin kuɗi ko kayan masarufi. Uwargida, wa ke gida a wannan lokaci? Ke ce. Dokarsu ta 2016 ta tanadi ɗaurin wata 36 zuwa 72 ga mai bayarwa, kuma mai karɓa ma hukuncinsu ɗaya. Amma abin bai daina ba. Wanda ya kashe dukiya ya hau kujera sai ya nemi fanshewa, shi ya sa hukumar yaƙi da cin hanci ta ƙasar, KPK, ta kama gwamnoni da shugabannin gundumomi da dama. Ga kuma gadon kujera, inda mata ko ɗa ko ƙanen mai mulki ke maye gurbinsa.

Fitowar jama'a ma ta ragu a 2024, ba ta kai ta zaɓen shugaban ƙasa da aka yi a Fabrairun shekarar ba. A Disamban 2024 Shugaba Prabowo Subianto ya kawo shawarar a mayar da zaɓen hannun 'yan majalisa saboda tsada. Masu suka suka tuna masa cewa ta wannan hanya Joko Widodo, mai sana'ar kayan katako, ya zama magajin garin Solo a 2005, gwamnan Jakarta a 2012, shugaban ƙasa a 2014.

Abin da za mu riƙe

Na ɗaya, zaɓen na kusa ya cancanci kulawar da muke ba na sama, domin shi ke taɓa awo da rigakafi da makarantar yara. Na biyu, ƙirga a bainar jama'a ita ke tsare ƙuri'a, don haka mai hali ta tsaya ta gani. Na uku, abin da aka miƙo da asuba ba ya kwana uku a ɗakin girki, wanda aka ɗora kuwa shekaru zai yi. Na huɗu, ƙungiyar da ta yi wa al'umma aiki ita ake saurare in ta yi magana.

Tambayoyi don tattaunawa a taron reshe

1. Waɗanne ayyuka ne ke hannun shugaban ƙaramar hukumarki, kuma kin san sunansa?
2. Mene ne amfani da illar hukunta mai karɓar kuɗin ƙuri'a tare da mai bayarwa?
3. Wace buƙata ɗaya reshenku zai rubuta ya miƙa wa duk 'yan takara kafin zaɓe?

Allah Ya ba mu shugabanni nagari, Ya sa mu dace. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Wassalam.