Allurar Rigakafin Zazzaɓin Cizon Sauro: Darasin Da Yayata Ta Sa Na Koya

Da hutun damina na tafi gida, wani ƙauye cikin Jihar Kebbi, na tarar da autan yayata kwance, jikinsa zau kamar garwashi. Shekararsa guda da haihuwa. Muka ɗauke shi zuwa ɗakin shan magani, aka ɗibi jini a yatsansa, aka ce zazzaɓin cizon sauro ne. Aka ba shi magani na kwana uku, Allah ya taimaka ya tashi.

Da dare muna zaune a tsakar gida, sai Yaya ta ɗauko katinsa na asibiti ta miƙo mini. Ta ce, "Kai da ka ke karatun malanta, duba mini wannan. Sau uku ina kai yaron nan ana yi masa allurar da aka ce ta rigakafin zazzaɓi ce, ga shi nan a rubuce. To, ina amfaninta? Sun ce in koma da shi in ya cika wata 15, ni kuwa ba inda za ni."

Na juya kati, na sake juyawa, ban sami abin faɗi ba. Ga shi kuwa ba ta wasa da wannan ciwo, gama shi ya ɗauke mata ɗa guda a shekarun baya. Da na komo kwaleji na shiga ɗakin karatu, na kuma yi ta tambayar malaminmu na kiwon lafiya. Abin da na samo shi na ke so in shimfiɗa muku, 'yan'uwana ɗalibai, domin duk inda aka tura malami, ba a rasa mai yi masa irin wannan tambaya.

Yadda cutar ke shiga jiki

Cikin 1880 wani likitan sojan Faransa, Laveran, yana aiki a Aljeriya, ya ga ƙwayar cutar nan cikin jinin mara lafiya da madubin likita. Cikin 1897 kuma Ronald Ross, likitan Ingila a Indiya, ya same ta cikin tumbin sauro. Tun daga nan aka tabbata sauro ne ke yawo da ita, macen wani iri da a ke kira Anopheles.

In ta ciji mutum sai ta tofa masa ƙwayoyin cikin jiki. Ba su daɗewa a jini, sai su wuce hanta su ɓuya. A can su kan yi kamar mako guda suna hayayyafa, ɗaya ta zama dubbai, mutum kuwa yana harkarsa bai san kome ba. Sa'an nan su fito su auka cikin jajayen ƙwayoyin jini, su ci, su ƙaru, su fasa su, su shiga waɗansu. Lokacin nan ne jiki ke ɗaukar zafi da rawar ɗari. Babba wanda ya sha fama da ita tun yana yaro, jikinsa ya ɗan saba. Ƙaramin yaro kuwa jininsa kan ƙare, ko ta taɓa masa ƙwaƙwalwa ya yi ta suma.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cikin 2023 an kamu da wannan cuta sau miliyan 263 a duniya, mutum 597,000 suka mutu. Fiye da rubu'in masu kamuwar a Nijeriya su ke, na mutuwar kuwa kusan sulusi. Mafi yawan mamatan yara ne da ba su kai shekara 5 ba.

Abin da allura ke yi

Allurar rigakafi kamar nuna wa mai gadi kamannin ɓarawo ne tun bai zo ba. A kan sa wa jiki ɗan guntun abin da ke kan ƙwayar cuta, wanda ba ya iya cutarwa, jiki ya gane shi, ya tanadi makamai. Ran da ainihin ƙwayar ta shigo sai ta tarar ana jiranta.

Ga kyanda wannan dabara ta ci nasara ƙwarai, don ƙwayarta kama ɗaya gare ta. Ta zazzaɓi kuwa mai riguna da yawa ce. Kamarta a bakin sauro dabam, a hanta dabam, a jini dabam, a cikin jinin ma ta kan yi ta sake riga. Saboda haka masana suka ce bari a tare ta a ƙofa, watau tsakanin cizo da hanta, lokacin da ba ta da yawa. Suka ɗauki wani ɓangare na rigar da ta ke sanye da ita a lokacin, suka haɗa shi da ɓawon ƙwayar wani ciwon hanta, don jiki ya lura da shi sosai. Amma ku lura da wuyar abin. In sauro ya tofa ƙwayoyi masu yawa, mai gadi ya kama duka sai guda ta kuɓuce ta isa hanta, gudar nan ta isa ta kwantar da yaro.

Allura iri biyu aka samu ta wannan hanya. Ta fari, RTS,S, an fara ƙirƙiro ta cikin 1987, kamfanin GSK da masu binciken sojan Amurka suka yi aikinta. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ba da shawarar a yi ta ga yara ba sai Oktoba 2021, watau bayan shekara 34. Ta biyu, R21, Jami'ar Oxford ta Ingila ta yi ta, wani babban kamfani na Indiya ke sarrafa ta da yawa, aka yarda da ita cikin Oktoba 2023. Ita ce aka fara yi wa yara a Nijeriya cikin Disamba 2024, aka soma da Kebbi da Bayelsa. Sau huɗu a ke yin ta, a wata 5, da 6, da 7, da 15.

Yadda aka gwada

Nan ne darasin ya fi daɗi gare ni. Yaya ta dubi yaro guda, nata, ta yanke hukunci. Masu bincike ba su yarda da shaidar yaro guda ba, ko ya kamu ko bai kamu ba, don yaro na iya tsira ba allura, wani kuma ya kamu da allura. Sai su tara yara da yawa da yardar iyayensu, su raba su da ƙuri'a. Kashi ɗaya a yi musu sabuwar allura, ɗaya kashin a yi musu wata mai amfani da ba ruwanta da zazzaɓi, kamar ta cizon mahaukacin kare. Uwa ba ta san wadda aka yi wa ɗanta ba, likitan da ke duba shi ma bai sani ba, don kada son zuciya ya shiga ƙidaya. Sa'an nan a bi su wata da watanni, duk wanda jikinsa ya yi zafi a gwada jininsa a rubuta.

Haka aka yi wa RTS,S daga 2009 zuwa 2014, da yara fiye da 15,000 a ƙasashe 7 na Afirka. Ga yaran da aka fara wa suna wata 5 zuwa 17 aka kuma cika musu huɗu, ta rage zazzaɓi da sulusi da ɗan ɗori cikin kamar shekara 4. Waɗansu suka ce wannan ai kaɗan ne. Daga 2019 aka shiga yin ta a asibitocin wasu gundumomi na Ghana da Kenya da Malawi, har yara suka wuce miliyan 2. Da aka ƙidaya sai aka ga mutuwar yaran da suka isa allura ta ragu da kashi 13 cikin 100 a wuraren da a ke yin ta.

R21 kuwa an gwada ta a Nanoro ta Burkina Faso da yara 450, aka ba da labari cikin 2021. Daga baya aka gwada da yara 4,800 a Burkina Faso da Mali da Kenya da Tanzaniya. Inda zazzaɓi ke zuwa da damina, aka kuma yi allurar dab da faɗuwar ruwa, ta rage shi da kashi 75 cikin 100 a shekarar fari. Inda ya ke duk shekara kuwa, kashi 68. An kuma ga ƙarfinta yana raguwa a hankali, allura ta huɗu ce ke tayar da shi.

Lissafin da ya kamata mu iya

Mene ne ma'anar kashi 75 cikin 100? Ga misali na ƙagawa, wanda ɗan aji biyar zai iya bi. A ce ƙauye biyu, kowanne da yara 100. A na fari ba a yi allura ba, yara 40 suka kwanta da damina. A na biyu an yi, suka kwanta 10. An rage 30 daga cikin 40, watau kashi uku cikin huɗu. Iyayen yaran nan 10 za su ce allura ba ta aiki, kuma ba ƙarya suka yi ba a kan abin da idonsu ya gani. Iyayen yara 30 da suka tsira kuwa ba wanda ya san nasa ne ya tsira, don ciwon da bai zo ba ba ya barin alama. Ashe mai ƙorafi a na jinsa, wanda ya amfana shi kansa bai sani ba. Wannan ne dalilin da ya sa ba a gane amfanin rigakafi sai da ƙidaya.

Tsinke ɗaya ba ya shara

Tun da allura ba ta tare duka, masu bincike suka duba abin da zai faru in an haɗa ta da sauran dabaru. Kun san maganin da a ke bi gida gida a na ba yara 'yan ƙasa da shekara 5 kowane wata da damina, wanda Hukumar ta ba da shawararsa tun 2012. A wani gwaji na Burkina Faso da Mali da aka bayyana cikin 2021, yara kusan 6,000 aka raba uku: masu allurar RTS,S kaɗai, masu maganin damina kaɗai, da masu duka biyu. Masu duka biyun suka fi sauran ƙarancin zazzaɓi da kamar kashi 60 cikin 100, ƙarancin mutuwa ta wannan cuta kuma da kamar kashi 70.

Gidan sauro ma an sabunta shi. Sauro a wurare da yawa ya saba da tsohon maganin da a ke jiƙa shi da shi, har ya kan sauka a kai ya tashi lafiya. Aka yi sabo mai magani iri biyu, aka gwada a Tanzaniya da Jamhuriyar Benin, ya rage zazzaɓin yara da kusan rabi bisa ga tsohon. Cikin 2023 Hukumar ta ce a riƙa amfani da shi inda sauro ya taurare.

Abin da ya rage gare mu

Malami a ƙauye shi ne mai karanta wasiƙa, shi ne mai duba kati, maganarsa tana da nauyi. In an tambaye mu, mu faɗi gaskiya yadda ta ke. Kada mu ce wanda aka yi wa allura ya rabu da zazzaɓi, don ran da ya kamu mun zama maƙaryata, asibiti ma ya zama haka. Mu ce tana ragewa ƙwarai, sai an cika huɗu, kuma ba ta ɗauke wa kowa gidan sauro da maganin damina ba. Yaro in jikinsa ya yi zafi, ko da allura ko babu, a kai shi a gwada jini a ranar. Misalin ƙauyuka biyun nan kuwa ku sa shi cikin darasin lissafi, yara su yi da tsakuwa ko gyaɗa, su kai gida.

Ni dai na kira Yaya ta waya na yi mata wannan lissafi. Ta saurara har na gama, sa'an nan ta ce, "Watau nawa yana cikin goman ke nan." Na ce, "Wannan karon, Yaya. Damina kuwa za ta sake zuwa." Ta yi shiru, ta ce in tuna mata ranar da zai cika wata 15. Na rubuta a bangon littafina, da ranar ta zo na kira, ta kuwa kai shi. Allah ya raya mana su, ya ba mu ikon amsa tambaya da sani, amin.