Batirin jirginka, kada ka kwantar da shi a cike

Ɗana, tunda ka ɗauki sha'awar tuƙa ƙananan jirage da rimot, akwai abin da nake so ka riƙe kafin ka ƙara zuba kuɗi a kan farfela da kyamara. Batirin nan mai laushi da ake kira LiPo, wanda aka naɗe cikin jaka mai kama da takardar azurfa, yawancin lalacewarsa a ɗaki take faruwa, cikin kwanakin da ka ajiye shi ba ka ko waiwaye shi.

Mu nan mun saba da wata ɗabi'a, kuma da dalilinta: da an kawo wuta sai kowa ya nufi soket, a cika waya, a cika fitila, a cika fanka mai caji, don ba a san lokacin ɗaukewa ba. Wannan ɗabi'ar ce nake roƙonka ka ajiye ta gefe idan ka zo kan batirin jirgi. Kowane sel da ke cikinsa yana cika ne a bolt 4.2, matsakaicin ƙarfinsa 3.7, kuma idan ya gangara ƙasa da 3.0 ya fara samun illar da ba ta gyaruwa. Wurin hutunsa yana tsakani, wajen 3.8 zuwa 3.85. Idan batirinka mai sel uku ne, wanda aka rubuta wa 3S, cikarsa 12.6 ce, amma a kan 11.4 ko kusa da haka ya kamata ya kwana. Mai sel huɗu kuwa yana cika a 16.8, ya huta wajen 15.2.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Sel da ke zaune a 4.2 yana cikin matsi, sinadarin da ke cikinsa yana ta ruɓewa a hankali yana fitar da iska. Iskar ba ta da hanyar fita daga jakar, shi ya sa batirin ke kumbura. Tun kafin ka ga kumburin ma za ka ji shi a hannun tuƙi: jirgi ya daina jan da ka sani, batiri yana saurin ɗaukar zafi, kana sauka da wuri. Masu manyan kamfanoni sun san wannan. Baturan jiragen DJI da masu ɗaukar hoton biki ke amfani da su an gina su ne su rage cajin kansu zuwa wajen kashi 60 cikin 100 idan sun yi kwanaki ba a taɓa su ba. Naka wanda ka sayo tsirara, da waya ja da baƙa, ba shi da wannan dabarar. Kai ne za ka yi masa.

Saboda haka, ka cika shi ranar da za ka tashi ko daren jajibirinta. Idan iska ta hana ka tashi, ko wata hidima ta taso, kada ya wuce kwana biyu ko uku a cike. Cajar kirki tana da wurin da aka rubuta Storage. Ka zaɓe shi, ita za ta sauko da shi ko ta ɗaga shi zuwa 3.8 ta tsaya. Haka kuma idan ka dawo daga fili da batiri a ƙwaƙule, kada ka jefa shi cikin jaka ka ce sai wani mako. Ka bar shi ya huce, sannan ka ɗaga shi zuwa wurin hutunsa a ranar.

Na san abin da za ka ce: to idan ranar tashi ta zo babu wuta fa? Yawancin cajojin wannan harka, irin su iMAX B6, suna karɓar bolt 12 kai tsaye. Batirin mota ko na sola ya ishe ka ka yi caji da rana tsaka, idonka biyu, ba ka jiran kowa. Wannan ya fi mini kwanciyar hankali nesa ba kusa ba a kan a kawo wuta ƙarfe ɗayan dare ka jona batiri ka koma barci. Kada ka yi wannan ko sau ɗaya, don Allah. Batirin litiyam idan ya kama, zafin sel ɗaya ne ke kunna na kusa da shi, wutar tana tashi da ƙarfi cikin daƙiƙoƙi, hayaƙinta kuma guba ne. Ka tuna da wayar Galaxy Note 7 da Samsung ya janye daga kasuwa a 2016 saboda baturanta suna kamawa, har aka hana shiga jirgin sama da ita. Wannan babban kamfani ke nan mai injiniyoyi dubbai, kuma batirin jirginka ba shi da ko kwanon kariya irin na waya.

Wajen cajin kansa, abu uku za ka kiyaye. Ka jona ƙaramar farar wayar nan mai layuka da yawa kowane lokaci, domin ta nan caja ke ganin kowane sel shi kaɗai ta daidaita su. In ba haka ba wani zai haura 4.2 alhali jimillar tana nuna lafiya lau. Sannan kada ka yi gaggawa: batiri mai 2200mAh a ba shi amfa 2.2, ya ɗauki kimanin awa guda. A kan siminti za ka ɗora shi, nesa da katifa da labule da galan ɗin fetur na janareta.

Sai zafi, wanda shi ne babban abokin gabarmu a wannan yanki. Daga Maris zuwa Mayu, a Kano ko Sakkwato ko Damagaram, ana haura digiri 40 a inuwa. Cikin motar da aka kulle a rana ya zarce haka sosai, haka ma ɗakin kwano marar silin da azahar. Cikakken batiri a irin wannan wuri yana tsufa cikin makonni. Ka nemar masa lungu mafi sanyi a gidan, a ƙasa, inda rana ba ta shiga. Akwai jakar da ake sayarwa wadda wuta ba ta saurin ci, kuma tana da amfani, amma ni na fi natsuwa da tukunyar ƙasa mai murfi da ɗan yashi a gindinta: ba ta ci da wuta, ba ta ɗaukar lantarki, ba ta kuma toshe iska. Idan akwatin ƙarfe ka samu, ka shimfiɗa masa wani abu a ciki don kada bakin waya ya taɓa ƙarfen, kuma kada ka rufe shi ruf, ka bar wa iska hanya. Ka ajiye bokitin yashi a kusa. Sau ɗaya a wata ka ɗauko mita mai auna bolt ka duba kowane sel.

Idan jirgi ya faɗi da ƙarfi, ka cire batirin ka ajiye shi a waje kan ƙasa, ka ba shi kamar rabin awa kana kallonsa kafin ka sa shi cikin mota ko ɗaki. Rauni na ciki ba ya nuna kansa nan take.

Wanda ya kumbura kuwa, zamaninsa ya wuce. Za ka ji wasu suna cewa a huda shi da allura iskar ta fita, ko a danne shi da abu mai nauyi ya koma daidai. Kada ka saurare su, huda shi na iya tayar da wutar a hannunka. Na san kuɗinsa da ciwo, musamman yadda ake sayo su da dala, amma ka haƙura da shi. Kada kuma ka wurga shi a bola da cajinsa, domin bolarmu ƙona ta ake yi, kuma yara da 'yan gwangwan suna tona ta da hannu. Ka fita da shi tsakar gida, ka jona masa ƙwan fitilar mota idan mai sel uku ne, ka bar shi ya tsotse shi har ƙwan ya mutu, ka ƙara masa yini guda a jone. Idan mita ta nuna sifiri, ka yanke wayoyin ɗaya bayan ɗaya, ba tare ba, sannan ka kai shi wurin masu karɓar tsofaffin batura ka gaya musu irinsa.