Darasi: Ina Iyakar Kuɗin Ruwa?

A ƙauyukan Anka, Gummi da Bukkuyum an san bashin damina: manomi ya karɓi buhun gero ɗaya lokacin da rumbu ya ƙare, ya biya biyu da kaka. Mu yi lissafi. Buhu ɗaya ya zama biyu cikin wata huɗu, wato ruwa kashi 100 cikin ɗari. Idan aka auna shi da shekara, kashi 300 ke nan. Yanzu da iyalai ke cin bashi domin biyan kuɗin fansa, wanda aka matsa ba ya tsayawa ciniki.

Doka ta taɓa sa iyaka. A Ingila, dokar 1927 ta ɗauki ruwan da ya wuce kashi 48 a shekara a matsayin zalunci, sai dai mai ba da bashin ya gamsar da kotu. Dokar da Najeriya ta gada daga zamanin Turawa ta tsayar da kashi 45 a shekara ga bashin da babu jingina. Bankuna kuwa, Babban Banki ya sakar musu mara a 1987, ya ƙayyade kashi 21 a 1994, ya janye a 1996. Amma doka takarda take bi, bashin ƙauye kuwa da baki ake ƙulla shi, sau da yawa ba shaida. Wace kotu za ta ji kukan wannan manomi?

Ikilisiya ba ta jira kotu ba. Fitowa 22 da Littafin Firistoci 25 sun hana karɓar ruwa daga hannun matalauci. A 1745 Paparoma Benedict na 14 ya koyar cewa neman ƙari saboda rancen kansa zunubi ne, ko da yake ya yarda a biya mai rance hasarar da ya yi ta gaskiya. Katekisim, lamba 2269, ya fi tsanani: wanda cin ruwansa ya jawo wa ɗan'uwa yunwa da mutuwa, alhakin kisa yana wuyansa. Maƙwabtanmu Musulmi ma sun haramta riba, saboda haka Kirista mai cin ruwa ba shi da mafaka a wannan jiha.

Katekis su karanta wannan darasi bayan Misa. Kowace ƙungiyar adashi ta rubuta bashi a takarda, gaban shaidu biyu, ta kuma juya ruwan zuwa lissafin shekara kafin a sa hannu.