Doka, Kitso da Saiwar Gashi

A birnin Kyoto na ƙasar Japan, 'yan mata masu koyon sana'ar geisha kan shafe gashi da kaki, a tayar da shi tamkar dokar matan Hausa ta dā. Gyaran yakan yi mako guda, ga shi an ɗaure tsakiyarsa tamau. Da yawansu sukan ƙare da ɗan sanƙo a tsakar kai.

Dalili kuwa, kowane silin gashi yana da saiwa cikin fata. Yawan ja yakan kumbura ta, idan kuwa ta mutu ta bar tabo, gashi ba ya sāke tsirowa. Haka lamarin yake ga ɗalibar Dirin Daji da makitsiya ta matse wa ƙananan kitso. Da zarar zafi da ƙuraje sun bayyana a gefen goshi, sai a tsefe, domin a lokacin saiwar tana da sauran rai.