Darasin Da Na Koya Wurin Haɗa Jirgi Mai Farfela Huɗu

Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. A hutun da ya wuce na fasa asusuna, na sayi kayan haɗa ƙaramin jirgi maras matuƙi, mai farfela huɗu. Ran da na tashe shi, bai yi minti guda a sama ba sai ga hayaƙi, ya faɗo tim! Tarin shekara guda ya tafi.

Malaminmu na kimiyya ya duba, ya ce abu uku tilas su dace da juna: inji, da na'urar daidaita gudunsa, da batir. Kowane injina yana jan wuta har amfiya 15, ni kuwa na haɗa shi da na'ura mai ɗaukar 12. Ashe jaki na ɗora wa kayan raƙumi. Ya ce in nemi mai 20, don a sami rara.

Sa'an nan batir. Inji huɗu, kowanne 15, amfiya 60 ke nan. Nawa an rubuta masa 2200mAh da 25C. In ka ninka 2.2 sau 25, za ka sami 55, bai kai ba. Mai 35C kuwa yana ba da 77. Har wa yau, kowane gida na batir bolt 3.7 ne, mai gida uku 11.1. In ka ƙara gida ba ka rage girman farfela ba, inji zai ja wuta fiye da kima.

Saboda haka, kafin ka fid da ko kwabo, ɗauki alƙalami ka yi lissafi. Ni dai na sake sabon asusu.