Kafin Ku Danna Tura: Shawarwari Kan Ɗora Hoto da Bidiyo

Atamfa da leshi nake sayarwa daga cikin gida, kusan duk cinikina ta waya ne. Don haka babu irin asarar datar da ban yi ba, babu irin hoton da bai taɓa ba ni kunya ba. Abin da na gano shi ne, duk gyaran da za a yi wa hoto ana yin sa ne kafin ya bar waya. Ga abin da nake gaya wa maƙwabta in sun leƙo da waya a hannu.

1. Ku goge idon kyamara tukuna. Wayar da ta shiga kicin, ta kwana a jaka, yara suka yi wasa da ita, ba ta rasa maiƙo, in hunturu ne kuma ga ƙura. Bakin mayafi mai laushi ya isa. Sau da yawa in mutum ya ce wayarsa ta tsufa, man gyaɗa ne kawai a gilashin.

2. Ku ba taga baya. Haske ya sauka a kan abin da kuke ɗauka, don in ya fito ta bayansa, baƙar inuwa kawai za ku gani. Hasken hantsi ko na bayan la'asar ya fi na tsakar rana, kuma ku guji ƙwan lantarki mai ruwan ɗorawa. Shi ya taɓa mayar min da shuɗiyar atamfa kamar koriya, mai saye ta dawo da kaya daga wata unguwa, ni na biya kuɗin Keke.

3. Ku matsa kusa da ƙafarku. Jan hoto da yatsu biyu a yawancin wayoyinmu yanke shi kawai yake yi ya buɗa, sai ya fito dishi-dishi. Taku uku sun fi.

4. Tsaye ko kwance, ku zaɓa kafin ku fara. TikTok da gajerun bidiyon Instagram da sitatus na WhatsApp duk tsaye suke so, faɗi 1080 tsawo 1920, dogon bidiyon YouTube kuma kwance. Kada ku juya wayar ana tsakiyar ɗauka, mai kallo ne zai karkace wuya. In za ku rubuta farashi ko sunan shago, ku sa shi wajen tsakiya, don maɓallan manhajar suna rufe ƙasa da gefen dama.

5. Ku sauko daga 4K. A saitin kyamarar iPhone an rubuta ƙarara: minti ɗaya na 1080p yana cin kusan megabait 60, na 4K kuma 170, har 400 ko fiye in an ƙure shi. Kafafen nan za su matse bidiyon ko kun so ko ba ku so ba, to me ya sa za ku biya kuɗin datar abin da ba wanda zai gani? Ku kuma datse farko da ƙarshe, inda ake cewa "ya fara ɗauka kuwa?"

6. Ku san hanyoyi uku na WhatsApp. Turawa ta yau da kullum tana rage ingancin hoto, ta isa gaisuwar Juma'a. Tun 2023 akwai alamar HD da ake dannawa kafin a tura, ita nake amfani da ita wa masu saye don zanen atamfa ya fito. In kuwa hoton za a kai a wanke a sa a firam, ku tura shi a matsayin fayil ta wurin da ake tura takardu, zai isa yadda yake, kuma hanyar tana ɗaukar har gigabait 2.

7. Ku hana kyamara rubuta wurin da kuke. In an bar wannan a kunne, waya tana liƙa wa kowane hoto bayanin inda aka ɗauke shi, ba a ganinsa da ido. Hoton da aka tura a matsayin fayil yana tafiya da wannan bayani, wato kun ba baƙo kwatancen gidanku. Kashewar ba ta kai minti ɗaya ba, tana nan cikin saitin kyamara ko na waya.

8. Ku duba abin da ke bayanku. Lambar mota, bajen makarantar yara, katin banki a kan tebur, takardar NIN, duk suna shiga hoto ba da sallama ba. Maniyyata da masu tafiya Umara, don Allah a daina ɗora tikitin jirgi, zanen lambobin da ke jikinsa yana ɗauke da suna da lambar tafiya, akwai masu iya karanta shi. Wankin da ke kan igiya ma a kwashe, ni dai na ji jiki.

9. Ku tambaya kafin ku ɗora fuskar wani. A wurin kamu ko wunin biki mata suna sakin jiki, su ajiye mayafi, don sun san tsakaninsu ne, wata ma mijinta bai yarda hotonta ya fita ba. Cewa sitatus awa 24 yake yi ya ɓace ba hujja ba ce, mai ɗaukar hoton fuskar waya daƙiƙa ɗaya ta ishe shi. Mara lafiya a gadon asibiti da wanda ya yi haɗari kuwa, a rufa musu asiri, kada uwa ta fara jin labarin ɗanta a Facebook.

10. Ku kula da waƙar da ke tashi. Facebook da Instagram suna iya kashe sautin bidiyo in sun gane waƙar mai haƙƙin mallaka ce, sai ku ga amarya tana taka rawa shiru. Ku zaɓi sauti daga cikin manhajar, ko ku bar muryarku.

11. Babban bidiyo, sai dare. Kamfanonin waya suna da datar dare mai rahusa, layin ma ya fi sakewa in gari ya yi barci. Ku sa waya a caji, ku danna sau ɗaya ku ƙyale ta, don yawan dannawa shi ke sa abu ɗaya ya fito sau uku.

12. Ku ajiye na asali. Wanda kuka sauke daga Facebook matsattse ne, ba zai koma yadda yake ba. Google yana ba kowane asusu gigabait 15 kyauta, amma da Gmail ake raba shi, don haka ku zaɓi na suna da na biki ku adana can. Sauran ku juye a katin memori ku jefa a akwati.