Sinadaran mai da amfaninsu ga abincin yara

Kowane mai, na tsiro ko na dabba, gininsa ɗaya ne: ƙwayar gilisarol haɗe da asid ɗin kitse uku. Nau'in asid ɗin shi ke bambanta su. Man shanu da man kaɗe suna da cikakken kitse da yawa, shi ya sa suke daskarewa lokacin ɗari. A man gyaɗa da man riɗi kuwa kitse marar cika ya fi yawa, sai su zauna ruwa-ruwa.

Giram ɗaya na mai yana ba da kalori 9, na sitaci kuwa 4 kacal. Bitamin A, D, E da K ma a cikin mai suke narkewa. Idan aka dafa zogale ba mai, jiki ba ya cin moriyarsa sosai.

A Filinge da ƙauyukan Kurfai, inda ake yaye yara da kunun hatsi, kunu mai ruwa yakan cika cikin yaro ba tare da ya ba shi isasshen ƙarfi ba. Daga wata 6, a zuba masa ƙaramin cokali ɗaya na mai a kunu, a ci gaba da ba shi nono.

Iska da zafi da hasken rana suna lalata mai, su rage bitamin A. Saboda haka a rufe kwalba, a ajiye ta a inuwa.